Ruwan da Ya Ƙi Gishiri

Sabuwar rijiyar mai ta fara aman ruwa tun mutane ba su gama murnar haƙa ta ba. Da farko mai take fitarwa, baƙi wuluk, kowa yana washe baki. Ana nan sai ruwa ya soma biyo man, yau kaɗan, gobe da ɗan dama, har ya zamana in an cika tanki rabinsa ruwa ne. Manaja ya ce a ɗebi ruwan a kwalabe a kai ɗakin gwaji, sannan a rufe rijiyar, kada wanda ya sake taɓa ta sai an gaya masa daga ina wannan masifa take fitowa.

Wuri biyu kawai ake tuhuma. Rijiyar mai rami ce mai zurfin gaske da bututun ƙarfe a ciki, an ɗura siminti tsakanin bututun da bangon ramin don kada ruwan da aka ratsa a hanya ya sami ƙofa. Can sama akwai ruwan daɗi, irin wanda ake sha. Can ƙasa kuma, ƙarƙashin man, akwai wani tsohon ruwa da ya kwanta tun kafin a haifi kakan kowa, mai zafi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, gishirinsa ya ninninka na teku. In na ƙasan ne ya taso, haka Allah ya yi wurin, ba laifin kowa. In na saman ne ya tsiyayo, siminti ne ya yi yoyo, kuma mai simintin ya tattara nasa ya nasa. Manaja ya faɗi wannan a gaban kowa, bai ɓoye ba.

Mai simintin shi ne Kankare. Ba uwarsa ce ta raɗa masa sunan ba, shi ya laƙaba wa kansa, har ya sa aka rubuta masa a bayan hular kwanonsa. Ƙato ne mai tumbi, shugaban masu ɗura siminti, kuma ba a taɓa zama cin abinci da shi bai ce, "Simintina ko hawaye ba ya ratsa shi" ba. Kowace ma'aikata tana da irinsa: baki yana aiki, hannu yana hutu.

Abin da bai taɓa faɗa a teburin abinci ba shi ne ranar da aka ɗura simintin wannan rijiya ba ya wurin. Ya cika cikinsa da rana, ya shiga gaban babbar mota wai zai duba wani abu a waya, ya kunna sanyi, ya jingina. Bai farka ba sai da ya ji yaransa suna wanke famfuna. Ya fito yana gyara hula, ya ce musu aiki ya yi kyau, ya je ya gaya wa Manaja cewa da idonsa ya ga komai. Saboda haka da ruwa ya ɓullo, kowa yana tambayar daga ina, Kankare shi kaɗai ya riga ya ba kansa amsa: simintinsa ne ya yi yoyo.

Mai gwajin ruwan kuwa yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ma ta kawo shi kamfanin. Ma'aikata suna kiranta Uwar Kwalabe, amma ba a gabanta ba. Ɗakinta kwantena ce da aka yi wa taga, da kantoci cike da kwalabe, kowace da sunan rijiyarta a jiki. Da safiyar ranar da za a ɗebo ruwan Kankare ya leƙa, yana wani murmushi da bai saba ba.

"Yaya, an tashi lafiya? Wai don Allah ta yaya kuke gane ruwa? Ruwa ai ruwa ne."

"Kai ma mutum ai mutum ne, amma tun daga ƙofa na ji nishinka na san kai ne. Ɗauke hannunka daga ma'aunina."

Ya ɗauke. "Ina nufin, na ƙasa gishiri, na sama ba gishiri. Ko ba haka ba?"

"Ga masu kai irin naka, haka ne."

"To shi ke nan?"

"Auta, ina da aiki. Tun yaushe ka fara son ilimi?"

Ya ce a'a, wucewa dai yake yi. Ya fita yana maimaita abu ɗaya a ransa: na ƙasa gishiri. Rabin ilimi ya fi jahilci ɓarna, don jahili yakan zauna wuri ɗaya, mai rabin ilimi kuwa tashi yake yi ya aikata.

Da azahar aka rufe rijiyar. Direba ya ɗauko kwalabe biyu a cikin akwatin katako, kowace an naɗe murfinta da salatif. Da ya iso sansani yunwa ta hana shi wucewa ɗakin gwaji, ya faka motar a inuwar bayan ɗakin cin abinci ya shiga bin layi. Kankare yana zaune yana kallonsa. Ya miƙe kamar mai neman tsinken sakace, ya bi tebur tebur yana kwashe 'yan kwalaben gishiri masu huda a murfi yana zubawa a aljihu, ya fice ta ƙofar baya.

Ya ɓare salatif a hankali, ya buɗe ta farko. Wari ya buge shi har sai da ya kau da kai yana tari. Ya kwance murfin gishiri gaba ɗaya ya juye. Ya rufe, ya girgiza, ya ɗaga sama. Gishirin ya yi yawo kaɗan, ya koma ƙasa ya kwanta.

"Narke mana, ɗan banza!"

Ya sake girgizawa har tumbinsa yana rawa. Gishiri ya sake kwanciya. Sai ya ce ai wannan Kukun tsohon gishiri yake ba mutane, wanda ya mutu, ya ƙara juye wata kwalbar a kai ko ita tana da rai. Haka ya yi wa ta biyu. Bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa ruwa zai ƙi gishiri ba. Ya mayar da salatif, ya cusa 'yan kwalaben gishirin a bayan tayar wata tsohuwar mota, ya koma ya ci abincinsa har da ƙari.

Da kwalaben suka iso hannun Yaya ta ɗaga su a hasken taga, ta ga farin abu kwance a ƙasa kamar kaurin yatsa. Ba ta zargi kowa ba. Ta san ruwa mai zafi da ya ƙoshi da gishiri yakan zubar da wani in ya huce, sai dai ba ta taɓa ganin mai yawa haka ba a wannan fili. Har ta ji daɗi. Ta auna ruwan saman, ta tura alƙaluman farko ga Dokta, masanin duwatsun kamfanin, kamar yadda aka saba. Sannan ta zuba sauran ta cikin takardar tacewa don ta duba farin abin da kyau.

A tsakiyar gishirin ta ga wasu 'yan dogayen ƙwayoyi. Ta sa hantsaki ta ɗauki ɗaya, ta kai kusa da ido, ta juya ta. Shinkafa ce. Irin wadda masu dafa abinci suke jefawa cikin kwalbar gishiri don kada ya dunƙule.

Tana tsaye da hantsakin a hannu ta jiyo muryar Kuku a tsakar sansani.

"Wane marar tsoron Allah ne ya kwashe min gishiri? An sace cokali na yi shiru, an sace kofi na yi shiru, yanzu har gishiri? Miyar gobe da hawayenku za ku sha ta!"

Yaya ta zauna. Ba ta kira kowa ba sai da ta ƙarasa aikinta, don ba gishiri kaɗai ake dubawa ba. Ruwan ƙasa yana ɗauke da alli mai yawa da wani sinadari da ake kira buromin, waɗanda na sama ba shi da su sai ɗan abin da ba a rasa ba, gishirin girki kuma ba ya kawo su. Ta auna, ta sake aunawa, ta kwatanta da ruwan tsofaffin rijiyoyi. Sannan ta aika a kira mata ƙaninta.

"Rufe ƙofa. Juya aljihunka."

"Haba Yaya, ni yaro ne?"

"Juya."

Ya juya. Farin gari ya zubo a kan takalminsa.

"Siminti ne," in ji shi.

"Lasa."

Bai lasa ba. Ta tura masa ɗan faifan gilashi da ƙwayoyin shinkafar a kai.

"Shekara da shekaru ina gwada ruwan ƙarƙashin ƙasa, ban taɓa cin karo da gona a can ba sai yau. Da ka zuba, ya narke?"

Ya sunkuyar da kai. "Ƙi ya yi. Gishirin Kuku ne ba shi da kyau."

"Gishirin Kuku lafiyarsa ƙalau, kanka ne ba shi da kyau. Ruwan da ya kusa ƙoshi ɗan kaɗan yake karɓa, ya ƙi sauran. Da ruwan sama ne, da ya shanye shi tas kafin ka ƙifta ido. Kwalbar nan tana hannunka tana gaya maka ba ka da laifi, kai kuma kana zaginta."

Kankare ya ɗago. "Me kika ce?"

"Ruwan ƙasa ne. Allinsa da burominsa daidai da na sauran rijiyoyi. Simintinka bai yi yoyo ba."

Ya buga tsalle har kwantenar ta girgiza, kwalabe suka yi ƙara. "Na faɗa! Wallahi na faɗa! Ko hawaye—"

"Zauna, sakarai. Da ka naɗe hannunka ka yi barcinka yadda ka saba, da gobe an sa maka albarka. Yanzu ina da kwalabe biyu da aka yi wa girki."

"To ki zubar ki ɗebo wani mana."

"Rijiya a rufe take. Ba mai buɗe ta sai Manaja, shi kuma zai tambaye ni dalili."

"Ki ce sun fashe."

"Duka biyun? A hannuna? Ni ce zan zama mai sakaci don kai ka zama mai gaskiya?"

Da ya ga ba ta da niyyar tanƙwaruwa sai ya yi abin da ya saba yi tun yana tsallake katangar makaranta. Ya zaro waya ya kira uwarsu, ya juya baya yana ƙunƙuni, sannan ya buɗe murya ya ajiye wayar a kan tebur.

"Ke," in ji Inna, "me yaron nan ya yi miki?"

"Inna, yaron nan furfura gare shi a gemu."

"Ko a gira take, ƙaninki ne. Wai gishiri ne fa kawai ya zuba. Ni kullum sai na zuba gishiri, wa ya taɓa korata?"

"Ba a tukunya ya zuba ba, Inna."

"Ko a ina ne. Ba ya ce simintin nasa ya yi kyau ba? To ki faɗi mai kyan ki bar marar kyan. Ke ce babba. Matarsa ga ciki, yara ga makaranta. In aka kore shi gidanki zan turo su, kin dai san ni."

Yaya ta rufe ido. Mutane suna ganin masu taurin kai ba sa jin tsoron kowa, ƙarya ne, suna jin tsoron uwarsu. Ta ce wa Inna za ta faɗi wane ruwa ne, tunda shi aka tambaye ta, ba za ta ƙara komai ba. Amma in aka tambaye ta wani abu, ba za ta yi ƙarya ba. Inna ta ce Allah ya yi mata albarka, ta kashe wayar. Amsar da ta shirya ba Manaja ba gaskiya ba ce, rabin gaskiya ce da aka yi wa wanka, kuma Yaya ta sani. Shi ya sa washegari da za ta tafi taro ta rufe faifan shinkafar ta sa a aljihun farar rigarta.

A ofishin Manaja aka zauna, su huɗu: shi, da Dokta, da Yaya, da Kankare da ya sha sabon aski. Manaja siririn mutum ne mai ciwon ciki, ba ya dariya sai in wani ya faɗi.

"Madam, wane ruwa ne?"

"Na ƙasa ne, yallaɓai. Siminti ba shi da matsala."

Kankare ya baje a kujera. "Ni dai na yi shiru ne don kada a ce na cika baki."

"Ci gaba da shirun," in ji Manaja. Ya fara tattara takardunsa.

"Ba a gama ba," in ji Dokta.

Ya miƙe, idonsa yana ƙyalli, ya nufi allo. Ya ce tun jiya yake kan alƙaluman da Madam ta turo masa. Gishirin wannan ruwa ya fi na duk rijiyoyin filin, ya cika maƙil har yana zubarwa, ya leƙa ta tagar ɗakin gwaji ya gani da idonsa. Ruwa ba ya cika haka sai in ya bi ta cikin dutsen gishiri. Saboda haka akwai wani ƙaton shimfiɗen gishiri a ƙarƙashinsu wanda duk masanan da suka gabace shi suka kasa gani. Ya zana shi da jan alli, ya yi masa ciki, ya yi masa wutsiya har ƙarƙashin inda ake haƙa rijiya ta gaba.

"Ma'ana?" in ji Manaja.

"Ma'ana a tsayar da haƙar can yau ɗin nan. In masu haƙa suka faɗa cikin gishiri da irin ruwan taɓon da suke zubawa a rami wajen haƙa, ramin zai zaizaye. Sai an sake tsari daga farko. Kuma irin wannan abu, yallaɓai, yawanci da sunan wanda ya gano shi ake kiransa."

Manaja ya dafe ciki. Ya jawo waya, ya fara neman lambar hedikwata. Kankare ya kalli yayarsa, ya girgiza mata kai a hankali, yana roƙo da ido. Ita tana kallon jan zanen, tana tunanin mutanen da za a sallama su zauna a gida saboda dutsen da aka kwaso daga teburin Kuku.

Ta zaro faifan ta ajiye a tsakiyar tebur.

"Kafin ka kira, yallaɓai. Wannan ma daga cikin dutsen Dokta ya fito."

Manaja ya ajiye wayar, ya leƙa. "Dokta, shinkafa tana tsiro a wannan zurfin?"

Dokta ya zaro gilashin da yake duba duwatsu da shi, ya sunkuya, ya daɗe. "Ɗanya ce," in ji shi. Sannan fuskarsa ta canza, don ya gane dutsensa ya tafi da sunansa. Ya juya kan Yaya. "Wannan daga ɗakinta ne! Kwalabe sun zo a rufe da salatif. Wa ya buɗe su? Ita. Girki take yi a ɗakin gwaji, ta gurɓata samfur, ta turo min alƙaluman banza, ta zauna tana kallona ina zane!"

"Madam," in ji Manaja, "wa ya zuba?"

"Aikina gwada ruwa ne, yallaɓai. Ban ga hannun kowa ba."

"Kin san da wannan tun jiya?"

"Na sani."

"Kika yi shiru. To in a ɗakinki aka yi, kuma ba ki da wanda za ki nuna, ki ajiye min makullin ɗakin kafin ki fita. Ba zan riƙe mai gwajin da sai na gwada ta ba."

Ta sa hannu a aljihu. Makullin ya yi ƙara.

Kada wanda ya yi wa Kankare tafi. Sai da ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya ga ba wadda tumbinsa zai bi. Sai da ya bari ta ɗora makullin a kan tebur. Sannan ya yi gyaran murya.

"Oga, ni ne. A bayan motar direba. Ita ba ta sani ba sai da ta gani."

"Kai? Don me? Simintinka ai lafiya yake."

"Lokacin ban sani ba."

"Ba ka sani ba? Ba kai ka ce min da idonka ka ga an ɗura shi ba?"

Gumi ya bi sabon askin Kankare ya gangaro.

"Idon yana wurin, Oga. A rufe dai yake."

A nan Manaja ya yi dariya, 'yar gajeriya, kamar tari. Ya tura wa Yaya makullinta, ya ce ta shirya kwalabe, za a buɗe rijiya a ɗebo wani ruwan, kuma wannan shirun nata shi ne na ƙarshe. Ya ce Dokta ya goge allonsa. Sannan ya miƙa hannu wajen Kankare.

"Hular."

Ya cire ya ba shi.

Da yamma Yaya ta sami Kankare a bakin get da jakarsa, rana tana dukan kansa, motar ma'aikata kuma ta riga ta tafi. Ta tsayar da motarta ta buɗe masa ƙofa. Ya shiga, motar ta ɗan karkata gefensa. Sun yi nisa sai wayarta ta fara ruri a tsakaninsu. Duka suka kalli sunan Inna.

"Ɗauka," in ji ta. "Kai ka jawo ta."

"Ni ba zan iya ba, Yaya. Ke ki gaya mata."

"Me zan ce?"

Ya kalli titi.

"Ki fara da cewa simintin bai yi yoyo ba."

Ta ɗauki wayar.